Kwatanta Jarrabawar Tarihi ta WAEC da NECO da JAMB da Hanyoyin Shirya Ɗalibai Dominsu

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji shida na makarantar sakandare ya san irin halin da akan shiga tun daga bazara har zuwa tsakiyar damina. A cikin waɗannan 'yan watanni ne ɗalibin da ya zaɓi darasin tarihi yakan fuskanci jarrabawa har uku, watau ta JAMB, da ta WAEC, da ta NECO. Malami ɗaya ne ya koyar da shi, kuma sau da yawa littafi ɗaya ya karanta, amma sai a ga ya yi abin kirki a ɗaya, ya yi tuntuɓe a ɗaya. In haka ta faru, wasu kan ɗora laifi a kan yaro, wasu a kan malami, wasu kuwa su ce hukuma ce ta tsananta.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu kwatanta waɗannan jarrabawowi uku, mu nuna cewa ko da yake tarihin da suke tambaya kusan ɗaya ne, abin da kowace take aunawa a wurin ɗalibi ya sha bamban. Daga nan sai mu kawo shawarwari game da yadda za a shirya ɗalibi shiri ɗaya wanda zai wadace shi a dukkansu. Mun dogara ne a kan manhajojin hukumomin, da kuma abin da muka gani da idonmu a lokacin da muke zagayen duba ɗalibanmu na kwalejin ilmi a wuraren koyarwar gwaji.

2.0 Asalin Hukumomin Uku

Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ita ce babbar yaya. An kafa ta a 1952 bayan rahoton da Dokta G. B. Jeffery ya gabatar a 1950, domin ta karɓi aikin da hukumomin jami'o'in Ingila suke yi a da. Ƙasashen da suka fara ta su ne Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya, sa'an nan Laberiya ta shigo a 1974. Hedkwatarta tana Akara.

Hukumar JAMB kuwa an kafa ta a 1978 domin ta haɗa shigar jami'o'i a hannu ɗaya. A 2010 ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta shiga kwalejojin ilmi da na fasaha, ta zama guda ɗaya mai suna UTME, kuma tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Autarsu ita ce NECO, wadda gwamnatin Janar Abdussalami Abubakar ta kafa a 1999, mai hedkwata a Minna. Ta yi jarrabawarta ta farko ta kammala sakandare a 2000.

Akwai wani al'amari da ya shafi darasin tarihi shi kansa wanda ya wajaba mu ambata. Manhajar ilmin tushe ta shekara tara da aka fito da ita a 2007 ta cire tarihi daga matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, ta cusa ɗan abin da ya rage a cikin nazarin zamantakewa. Sai a 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, a 2025 kuma ta ba da sanarwar wajabta tarihin Nijeriya tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Ma'anar wannan ita ce, an yi shekaru fiye da goma yara suna isowa aji huɗu ba su taɓa jera aukuwa biyu bisa tsarin zamaninsu ba. Da yawa daga cikin ɗalibanmu na kwaleji, waɗanda su ne malaman gobe, a cikin wannan giɓi suka taso.

3.0 Kwatanci

3.1 Manufa

WAEC da NECO jarrabawowin shaida ne. Tambayar da suke amsawa ita ce: shin wannan ɗalibi ya san abin da aka koya masa a shekara uku? Sakamakonsu yana fitowa ne a matakai tara, daga A1 zuwa F9, kuma daga C6 zuwa sama ne ake lissafawa a matsayin kiredit. A nan ɗalibi ba ya tsere da kowa. In aji duka ya cancanta, aji duka zai ci.

UTME kuwa jarrabawar tankaɗe da rairaya ce. Guraben karatu ba su kai yawan masu nema ba, saboda haka maki ɗaya ko biyu suna iya raba ɗalibi da fannin da yake so. Darussa huɗu ake ɗauka, jimlar maki 400, kuma tarihi yana da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan jimla ga wanda ya zaɓe shi.

3.2 Faɗin Manhaja

Manhajar WAEC ta kasu biyu. Takarda ta farko ta shafi Afirka ta Yamma da hulɗarta da sauran duniya tun daga zamanin da har zuwa 2000: cinikin hamada, da shigowar Musulunci, da zuwan Turawa, da cinikin bayi ta teku, da rabon ƙasa, da mulkin mallaka, da matsalolin bayan 'yancin kai. Wannan takarda ta haɗa dukkan ƙasashen hukumar. Takarda ta biyu kuwa kowace ƙasa da nata tarihin. Na Nijeriya an kasa shi uku: daga farko zuwa 1800, daga 1800 zuwa 1900, sai daga 1900 zuwa 2000. Manhajar NECO, da yake a kan manhajar ƙasa aka gina ta, ba ta yi nisa da wannan ba, kuma Nijeriya ce cibiyarta.

Manhajar JAMB ta fi su faɗi. Bayan tarihin Nijeriya, tana da kashi na biyu game da Afirka da sauran duniya tun daga 1800. A ciki akwai Muhammadu Ali na Masar, da Mahadin Sudan wanda ya ci Hartum a 1885, da daular Omaniyawa a gaɓar Afirka ta Gabas, da Habasha wadda ta karya Italiya a Adwa a 1896, da yaƙe-yaƙen Mfecane na zamanin Shaka, da ƙaurar Buwa zuwa cikin ƙasa a Afirka ta Kudu, da mulkin wariyar launin fata. Malamin da ya tsaya a kan manhajar WAEC kaɗai ya tura ɗalibinsa ɗakin UTME da rabin guzuri.

3.3 Siffar Tambayoyi da Lokaci

Bisa ga manhajar WAEC ta shekarun nan, takarda ta farko tambayoyin zaɓi ne, waɗanda yara ke kira canki-canka, guda 50 a cikin awa ɗaya, a kan maki 40. Takarda ta biyu insha'i ce ta awa biyu a kan maki 60. Kowane sashe yana da tambaya uku, ɗalibi zai amsa huɗu, tare da sharaɗin ya ɗauki aƙalla ɗaya daga kowane sashe. NECO ma tana haɗa zaɓi da insha'i. UTME kuwa babu insha'i ko kaɗan: tambaya 40 ce a tarihi, a cikin jimlar 180 da za a amsa a awa biyu.

In muka yi ɗan lissafi za mu ga abin da waɗannan alƙaluma suke nufi. A takardar zaɓi ta WAEC ɗalibi yana da daƙiƙa 72 ga kowace tambaya, a UTME kuwa daƙiƙa 40 kacal. A insha'i yana da minti 30 ga kowace tambaya mai maki 15. Har ila yau, tun da tambaya 50 ne suke raba maki 40, tambayar insha'i ɗaya ta yi daidai da tambayoyin zaɓi kusan 19. Ashe ke nan ɗalibin da ya ɓata lokaci a kan amsa uku har aka karɓe takarda bai taɓa ta huɗu ba, ya yi asarar da ta fi ƙarfin abin da ya ɗauka.

Ya kamata a lura cewa siffar jarrabawa takan sauya. Alal misali, a 2024 WAEC ta fara amfani da kwamfuta a jarrabawar masu zaman kansu. Don haka wajibi ne malami ya nemi manhajar shekarar da ake ciki ya karanta da kansa, kada ya dogara da abin da ya sani tun yana ɗalibi.

4.0 Misali: Jihadin 1804

Domin bambancin ya fito fili, bari mu ɗauki batun da babu manhajar da ta bar shi, watau jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Mai tambayar zaɓi abin da yake nema shi ne tabbataccen sani. Zai iya tambayar garin da Shehu ya yi hijira zuwa gare shi daga Degel a 1804, ya jera Gudu tare da Gwandu da Sifawa da Alkalawa. Duk garuruwan nan huɗu suna cikin labarin jihadi, kuma da gangan aka zaɓo su. Ɗalibin da ya san labarin a dunƙule zai ga kowanne ya yi kama da amsa. Wanda zai tsira shi ne wanda ya san jerin: hijira zuwa Gudu a farkon 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, faɗuwar Alkalawa da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa a 1808, raba ragamar mulki tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello, sai rasuwar Shehu a 1817.

Mai tambayar insha'i kuwa zai ce a kawo dalilai biyar da suka haddasa jihadin, ko biyar da suka sa ya yi nasara, ko sakamakonsa biyar. In maki 15 ne a kan abubuwa biyar, kowane abu yana da kimanin maki uku. Ɗalibin da ya rubuta “haraji mai yawa” ya tsaya, ya ambaci abu amma bai bayyana shi ba. Wanda zai kwashe makin shi ne wanda ya ce sarakuna sun ɗora wa talakawa da makiyaya haraji iri-iri, kamar jangali, ya ƙara da cewa Shehu ya soki irin waɗannan ɗabi'u na mulki a cikin Kitabul Farƙi, sa'an nan ya nuna yadda wannan ya sa manoma da Fulani makiyaya suka karkata ga jama'arsa. Watau magana uku ce: batu, da hujja, da alaƙarsa da tambaya.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibin da ya iya amsar insha'i yadda ya kamata ya riga ya mallaki mafi yawan abin da tambayar zaɓi take nema, domin ba zai iya bayyana dalili ba sai ya san wane ne ya yi me, a ina, kuma yaushe. Amma wanda ya haddace amsoshin zaɓi kurum ba zai iya gina sakin layi ɗaya da su ba. Wannan shi ne ginshiƙin shawarwarin da za mu kawo.

5.0 Inda Ɗalibai Suke Tuntuɓe

Abu na farko shi ne haddar tsofaffin tambayoyi. Mun shiga azuzuwa inda darasin tarihi na zangon ƙarshe bai wuce malami ya karanto tambaya, yara su amsa da harafi ba. Mun taɓa juya wa wani aji tambaya ɗaya da suka saba da ita, muka sauya jerin amsoshin kaɗai, sai da yawansu suka zaɓi tsohon harafin. Harafin suka haddace, ba su san abin da ke bayansa ba.

Na biyu shi ne harshe. Da Ingilishi ake yin jarrabawowin nan duka. Mun sha ganin yaron da zai ba da labarin zuwan Turawa Kano da Sakkwato a 1903 da Hausa tiryan-tiryan, har da ƙaurar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi, amma da aka ba shi takarda sai ya kasa cika rabin shafi. Babbar matsalar tana ga kalmomin umurni da tambaya take farawa da su. Akwai mai neman a lissafa, akwai mai neman a bayyana, akwai mai neman a kawo dalili, akwai kuma mai neman a auna a yanke hukunci. Ɗalibi yakan ga sunan da ya sani a cikin tambaya, sai ya zubo duk abin da ke kansa. A tambaye shi sakamakon haɗewar 1914, ya kawo dalilanta. Rahotannin manyan masu duba takardu da WAEC take bugawa sun sha nuni ga irin wannan rauni.

Na uku shi ne karatun gida kaɗai. Ɗalibanmu sukan saki jiki da Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa, da Barno ta Mai Idris Aloma, da daular Sakkwato, su yi watsi da tsarin Oyo Mesi, da Benin, da tagullar Igbo-Ukwu, da garuruwan ciniki na Neja Delta. Tambaya uku ce kaɗai a kowane sashe, kuma babu wanda ya yi alkawarin ɗaya za ta faɗo a ƙasar Hausa.

Na huɗu shi ne tarihin ƙarni na ashirin, wanda yake zuwa a ƙarshen manhaja lokacin da zango ya ƙure. A nan ne yara suke cakuɗa tsare-tsaren mulki na Clifford na 1922, da Richards na 1946, da Macpherson na 1951, da Lyttleton na 1954, alhali kuwa masu tambayar zaɓi suna son wannan fage ƙwarai.

6.0 Hanyoyin Shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin jarrabawar aji shida daga aji huɗu yake farawa. Ga abin da muke ba da shawara:

(a) Malami ya ɗauko manhajojin uku ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya fitar da jadawali ɗaya mai nuna abin da suka yi tarayya a kai da abin da JAMB ta ƙara. Ya raba batutuwan Afirka ta Arewa da ta Gabas da ta Kudu a cikin zangunan aji biyar, tun da UTME takan riga sauran zuwa.

(b) Kowane aji ya sami layin zamani a jikin bango, wanda yara da kansu za su riƙa cikawa. A fara da 'yan shekaru kaɗan waɗanda za su zama turaku: 1804, da 1861 da aka mallake Ikko, da taron Balin na 1884 zuwa 1885, da 1903, da 1914, da 1960, da 1966, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Duk wata sabuwar aukuwa sai a tambayi yaro: kafin wane turke ta zo, kuma bayan wanne?

(c) A koyar da kowane batu bisa matakai uku, watau musabbabi, da gudana, da sakamako. Mafi yawan tambayoyin insha'i a cikin ɗayan ukun nan suke faɗawa.

(d) A yi amfani da Hausa a matsayin tsani. Yaro ya fara bayyana batu da bakinsa da Hausa har malami ya tabbata ya gane, sa'an nan a taimake shi ya mai da shi sakin layi na Ingilishi. A keɓe darasi musamman domin kalmomin umurni, a fassara kowace, a gwada ta a kan batu ɗaya domin yara su ga yadda amsa take sauyawa.

(e) Kowane mako a rubuta amsa ɗaya a cikin minti 30, da agogo a gaban aji. Rubutu ne kaɗai yake koyar da rubutu. In aji ya yi yawa, yara su yi musayar takardu su duba wa juna bisa ma'aunin da malami ya rubuta a allo, shi kuma ya ɗauki kaɗan ya duba da kansa.

(f) Tsofaffin tambayoyi a mai da su ma'auni. Bayan yaro ya zaɓi amsa, a sa shi ya faɗi abin da ya hana sauran zama daidai. Ta haka tambaya ɗaya takan koyar da abu huɗu. Ya fi kyau ma a sa yara su ƙirƙiro nasu tambayoyin.

(g) Kafin UTME a nema wa yara damar zama gaban kwamfuta ko da sau biyu ne ko uku. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, daƙiƙa 40 ba za ta ishe shi ba ko da ya san amsa.

7.0 Abin Koyi Daga Maƙwabta

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suke karanta tarihin Gobir da Katsina kamar yadda muke karantawa, suna kammala sakandare ne da jarrabawar bakaloriya bisa tsarin da aka gada daga Faransa. A wannan tsari tarihi da labarin ƙasa a haɗe suke, maki a kan 20 ake bayarwa, kuma bayan doguwar insha'i akwai al'adar ba ɗalibi wani nassi ko taswira ya yi sharhi a kai: wa ya rubuta, yaushe, don me, kuma me ya bari bai faɗa ba.

Jarrabawowinmu uku ba su ba wannan fasaha wuri na musamman ba, amma babu abin da ya hana mu shigo da ita aji. Muna da kayan aiki a hannu. Akwai Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908. Akwai kuma wasiƙun muhawara tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, waɗanda Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri. Ɗalibin da aka karanta masa hujjar kowane ɓangare, aka ce ya auna su, ba zai manta da dangantakar Sakkwato da Barno ba, kuma zai gane cewa tarihi bincike ne da ake yi da hujja.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun nuna cewa WAEC da NECO suna auna sani da iya bayani, UTME kuwa tana auna tabbataccen sani da sauri a kan fage mafi faɗi. Mun kuma nuna cewa shirin da aka gina a kan fahimta da rubutu yana ɗauke da ɗalibi a dukkansu, in an haɗa masa da layin zamani da gwajin lokaci.

Nauyin wannan aiki a wuyanmu yake, mu malaman kwalejojin ilmi. Yanzu da aka dawo da tarihi ƙananan azuzuwa, za a bukaci malamai masu yawa, kuma daga hannunmu za su fito. Muna roƙon sassan tarihi su sa nazarin manhajojin jarrabawa da dabarun tsara tambaya a cikin darasin hanyoyin koyarwa, kuma kada a sallami ɗalibi zuwa koyarwar gwaji sai ya rubuta amsar insha'i, ya kuma duba ta wani bisa ma'auni. Haka nan muna kira ga masana harshe da ke wannan taro su haɗa hannu da mu a fitar da ɗan ƙaramin littafi na kalmomin tarihi da na umurnin jarrabawa cikin Hausa da Ingilishi, domin amfanin malamai da ɗalibai. Allah ya sa mu dace, amin.